Layin da Na Ja a Kan Sunan Tanimu

Birnin Gwari,
Talata, bayan azahar.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Mun gode wa Allah da ya kai ki Kaduna lafiya, ya kuma sa kika sami masauki a hannun mutanen kirki. Ranar da kika tafi, mamanki ba ta sa komai a bakinta ba sai da wayarki ta shigo. Ni kuwa na yi ta yi mata faɗa wai ta cika tsoro, ina zaune da rediyo a kunne kamar ba abin da ya dame ni. Sai da kika ce kun shiga gari ta juyo ta ce mini, "Malam, tun ɗazu fa rediyon nan a kashe yake." Kin san hanyarmu. Ko yanzu da abubuwa suka ɗan lafa, ba mai sa ɗansa a mota ya dawo gida ya yi barcin rana.

Za ki yi mamakin in rubuto miki takarda alhali kullum muna magana a waya. Dalili biyu ne. Na farko, a waya ba kya bari in kai aya, ina fara magana sai "to Baba, to Baba", kamar mai korar kaji. Na biyu, akwai abin da bakina ya kasa faɗa miki kina gabana, hannuna kuwa ya saba ɗaukar abin da baki ya ƙi. A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wani littafin rubutu an yi masa bango da takardar siminti. Kin riga kin san na wace ce, tunda jiya kin ga hoton shafi uku daga cikinsa. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa tsohon ubanki ya tayar da hankalinsa a kansa.

Mutane suna ta tambayata wane irin aiki kika samu. In na ce kina kula da makarantar intanet ta wata ƙungiya mai horar da malaman ƙauye, sai su gyaɗa kai, su koma gefe su tambayi mamanki. Yanzu na sami hanya mai sauƙi. Cewa nake yi hedimasta ce, sai dai makarantarta ba ta da bango, ɗalibanta kuma kowa yana garinsu da wayarsa a hannu. Ita ke rubuta sunan wanda ya shigo, ita ke jera darussa, ita ke ba wanda ya manta lambar sirrinsa wata sabuwa, ita ke cire sunan wanda ya daina zuwa. Da na jera su haka sai na ga ashe aikina kika gada, wanda na yi shekara talatin da biyar ina yi da alli da rajista. Na yi murna, kuma na ji tsoro, don na san ramukan da ke cikin aikin nan. Na faɗa cikin yawancinsu.

Kin tuna makonni ukun da kika yi kina aikin daga gida kafin su kira ki ofis? Wata Laraba da hantsi kina zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya, kwamfuta a cinyarki, na leƙo na ga jerin sunaye, waɗansu baƙi waɗansu ja. Na tambaya, kika ce duk wanda ya yi kwana arba'in bai shiga darasi ba, sunansa da kansa yake komawa ja. An kuma ce miki zuwa Alhamis ta ƙarshen wata, wato jibi ke nan, ki share su a ba waɗanda ke jira gurbi. Wanda aka cire kuwa ya rasa takardar shaidar da za ta sa a tabbatar da shi a aikin koyarwa. Na sa tabarau ina bin sunayen don gulma kawai, sai idona ya faɗa kan Asabe Tanimu, ga sunan ƙauyensu a gefe, can bayan Damari. Na miƙe na ce zan tafi masallaci. Kika ce ai ko sha ɗaya ba ta yi ba. Na ce na sani.

Zan zo kan Tanimu. Amma bari in fara da kurakuran da ba su kai shi nauyi ba, in ɗan ɗumama hannu.

A shekarata ta biyu ina hedimasta a wata makarantar ƙauye, aka kawo mana akwati biyu na littattafan karatu, sababbi fil, masu hotuna kala-kala. Ban taɓa ganin irinsu ba, har sansana su na yi. Na dubi hannuwan yaranmu, wannan da manja, wancan da ƙasar gona, na ce a'a. Na zuba su a kabad, na sa kwaɗo, na ɗaure makullin da zare a aljihuna. Duk mai duba makarantu da ya zo sai in buɗe masa ya ga sun jeru reras, ya yaba, in mayar in rufe. Malamai suka roƙa, na ce sai yara sun koyi wanke hannu. Bayan damina biyu na ce bari dai in fito da goma a gwada. Na jawo na farko, bango kaɗai ya biyo hannuna. Ashe gara ta shigo ta bayan kabad ta karance su tas, ita kaɗai ta amfana da ilimin. Yara aji biyu sun gama makarantar ba su taɓa buɗe littafi mai hoto ba, kuma ni ne sanadi.

To ke ma makulli aka ba ki, ko da yake naki ba ya shiga aljihu. Za ki so shafinku ya zauna tsaf, kada wani ya danna inda bai kamata ba ya ɓata miki shiri. Ƙyale su su danna. Ranar da kika ga shiru, ba mai kira ba mai ƙorafi, kada ki yi murna tukuna, duba ki gani ko akwai masu shiga. Kuma kada ya zama ke kaɗai kika san yadda ake buɗewa. Koya wa wani a ofis, don ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke bai kamata karatun mutane ya kwanta tare da ke ba.

Na biyu ya fi wannan ciwo. An taɓa canza mana fom ɗin cike sakamakon jarrabawa, aka ƙara masa layuka da gidaje. Akwai wani dattijon malami a ƙarƙashina, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kasa gane inda ake sa me. Ya tambaye ni, na nuna masa. Washegari ya dawo, na sake nunawa. A karo na uku ya same ni a bakin aji, yara suna ji, na ce masa, Malam, wai sau nawa zan faɗa? Ya ba ni haƙuri ya juya. Bai ƙara tambayata komai ba har ya yi ritaya. Fom ɗin kuwa ya cike shi yadda ya gane, aka dawo mana da sakamakon ajinsa gaba ɗaya, na cinye hutuna ina gyara. Gyaran bai dame ni ba kamar yadda ya koma gaishe ni daga nesa, yana sauri.

Na kawo wannan ne don na ji ki. Ranar nan da wani malami ya kira karo na huɗu ya ce ya manta lambar sirrinsa, kin amsa masa da ladabi, ban musa ba. Amma ajiyar zuciyar da kika yi kafin ki amsa, ni da ke zaure na ji ta, balle shi da ke kunnenki. Mutumin nan wataƙila sai da ya taka zuwa kan tudu kafin ya sami sabis, wataƙila cikin ɗaliban da ya koyar akwai waɗanda suka haife ki. Kunyarsa ya ajiye gefe ya kira. Mai kira sau huɗu yana nan cikin karatun, wanda ya daina kira shi ne kika rasa. Kuma kafin ki ce komai, na sani, lambar buɗe wayata tana rubuce a bayan kalanda, mamanki ce ke karanto mini.

Af, da wani abu. A kujerar nan kina ganin makin kowa, kin san wanda ya faɗi sau uku da wanda ya kwafa. Ni na taɓa sakin baki a majalisa na faɗi yaron da ya zo na ƙarshe, ubansa yana zaune ban lura ba, kuma dukan da yaron ya sha ranar ni na jawo masa. Abin da kika gani a kwamfutar nan ya tsaya a cikinta. Ko ni da na leƙa ranar Larabar nan, da kin rufe ta a fuskata da kin yi daidai, ko da yake na gode wa Allah da ba ki rufe ba.

To, na gama kewaye-kewaye.

Tanimu ɗalibina ne a aji shida, a waccan makarantar ta kabad. Gidansu yana wata unguwar manoma a bakin daji, sai an tsallake rafi. A lokacin ba abin tsoro a dajin nan sai maciji da ƙudan zuma, yara su kaɗai suke ratsa shi su zo makaranta. Yaro ne marar surutu, ga kai. In na ba da lissafi a allo, kafin in karkaɗe allin hannuna ya gama. Malamin ajinsu shi ne Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a cikinmu har 'ya'yansa ba su jin wani harshe sai Hausa. Kullum cewa yake yi in yaro ɗaya ne zai ci jarrabawar shiga sakandare a shekarar, to Tanimu ne.

Wajen ƙarshen damina sai Tanimu ya ɗauke ƙafa. Mako ɗaya, mako biyu, har shida. An yi ruwa sosai a shekarar, rafi ya cika ya ƙi sauka, ba mai zuwa daga can balle a tambaya. Ƙa'ida kuwa ta ce wanda ya yi mako shida ba a san dalili ba, a soke sunansa. A makon ne za a aika sunayen masu zana jarrabawa zuwa ofishin ilimi, kuma a makon ne mai duba makarantu zai zo. Ni a lokacin an san ni da tsabtar rajista, tawa ake ɗauka a nuna wa sababbin hedimastoci. Layin Tanimu kuwa ya cika da sifiri tun daga nan har can, yana ɓata mini shafi.

Ranar Juma'a na ɗauko rula da jan biro. Malam Bitrus yana tsaye a kaina, ya ce, "Hedimasta, ka bari zuwa Litinin mana. Ruwa ya fara janyewa." Na ce masa ƙa'ida ba ta san Litinin ba. Har yau ina tuna daɗin da maganar ta yi mini a baki, na ɗauka na yi hikima. Na ɗora rula, na ja layi tun daga farkon sunan har ƙarshen shafi, miƙaƙƙe sambal. A ranar na aika jerin sunayen, ba nasa a ciki.

Litinin da safe sai ga Tanimu a ƙofar ofishina, wandonsa jiƙe har ƙugu, ya rame, littattafansa a leda a kai. Ashe babansa ne ciwo ya kwantar, shi ne babba a gidan, shi ya tsaya kan gona da jinya. Ranar farko da rafin ya tsallaku, ranar ya taho.

Ki karanta nan a hankali, Uwata, don a nan laifin yake. Jan layin gaggawa ce, amma ƙa'ida ta ba ni dama. Gyara shi kuma ba wuya. In hau kekena in je ofishin ilimi, tafiyar rabin yini, in ce na yi garaje a mayar da sunan yaro, da an mayar. Amma sai in tsaya gaban mutanen da ke misali da rajistata in ce ban bincika ba. Wannan ne ya yi mini nauyi. Na dubi yaron na ce, "Tanimu, ba ni ba ne. Daga ofis aka cire sunanka, ba yadda zan yi. Ka dawo baɗi ka maimaita."

Ya dubi tebur, ya dube ni, ya ce, "To, Malam."

Ya durƙusa ya yi sallama ya tafi. Kafin shekara ta zagayo babansa ya rasu, gona da ƙanne suka dawo wuyansa, bai sake zama a aji ba. Malam Bitrus kuwa daga ranar ya daina kawo kwanonsa mu ci abincin rana tare.

Shekara talatin ke nan. Tanimu yana kawo masara kasuwar nan, in ya hango ni sai ya sauka daga babur ya zo ya gaishe ni, Malam ina gajiya, Malam ya iyali. Ni kuwa nan take sai in zama mai sauri, in tuna ana jirana a wani wuri. Na je Makka na roƙi gafara a kan abubuwa da yawa, har da wannan, amma na kasa tsallaka titi in gaya wa mai haƙƙin. Ko mamanki ba ta san labarin ba sai jiya.

Naki aikin ya fi nawa haɗari. Ni sai da na nemo rula na buɗe biro, har Malam Bitrus ya sami sararin yin magana. Ke yatsa ɗaya za ki ɗora, mutum ashirin sun tafi, ba kowa tsaye a kanki. Kuma kina da maɓoyar da ta fi tawa kyau. Ni na ce ofis ne, ke za ki iya cewa kwamfuta ce, kowa zai yarda, don ba mai zuwa ya tuhumi kwamfuta. Kada wannan magana ta taɓa fita daga bakinki. Kwamfuta ta iya ƙirga kwana arba'in, amma ba ta san rafi ya cika ba, ba ta san ƙarfen sabis ya mutu ba, ba ta san garin da mutane suka tashi suka bar hatsinsu a rumbu ba. Don a san wannan aka ɗora mutum a kujerar. Ban ce kada ki cire kowa ba, masu jira ma suna da haƙƙi. Wanda ya ce ya bari, cire shi, amma ki ji daga bakinsa tukuna. In kin cire mutum, ki ce masa ni na cire ka, ga dalili, ga hanyar dawowa. In kuma kin gano kin yi kuskure, ki hau kekenki tun a ranar, don kowace rana da aka ƙara nauyinsa ƙaruwa yake yi.

Duk wannan ya kamata in gaya miki tun ranar Larabar nan. Na kasa. Na raka ki tasha da maganar a bakina, na ɓuge da tuna miki addu'ar shiga mota wadda kin fi ni iyawa. Na dawo gida na yi kwanaki ina jujjuya abin a raina, ina cewa ga shi nan za a maimaita, uba ya soke uba, 'ya za ta soke 'ya, kuma ina gani na yi shiru a karo na biyu.

Sai ranar Juma'a bayan la'asar kika kira kina ba mamanki labarin ofis, wayar a buɗe ina ji. Kika ce kin bi jajayen sunayen nan ɗaya bayan ɗaya kina kira. Wasu sun ce sun bari, wasu sun ce sakaci ne sun koma. Saura goma sha ɗaya da wayarsu ba ta shiga sam, kuma da kika duba garuruwansu sai kika ga duk 'yan yankinmu ne. Kika tashi kika sami shugabarku, ke da ko mako ba ki cika a ofis ba, kika ce mata saƙon gargaɗin da ake tura musu ta wayar da ba ta da sabis ake tura shi, don haka a gaskiya ba wanda ya gargaɗe su. Ta ce duk wanda aka kawo shaidar yana karatunsa kafin Alhamis, za ta ɗaga masa ƙafa. Kika ce wa mamanki, "Ni dai ban cire kowa ba tukuna, hannuna ya ƙi."

Na tashi na shiga ɗaki. Mamanki ta ɗauka carbi na je ɗaukowa, sujada na yi. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na ranar ba. Ba wanda ya ba ki labarin Tanimu, amma kin tsaya a daidai inda na kasa tsayawa. Wannan halin mamanki ne, ba nawa ba, na yarda, ko da yake ba sai kin gaya mata ba.

Saura shaida. Ranar Asabar na je layin 'yan hatsi na sami wani mutumin ƙauyensu, na ce a gaya wa Tanimu tsohon hedimastansa yana nemansa a kan karatun 'yarsa, in akwai abin da ta rubuta ya taho da shi. Jiya da hantsi sai ga sallamarsa a zaure. Litinin ce kuma, na lura.

Ya ce Asabe ita kaɗai ce malamar da ta rage a makarantar ƙauyensu, sauran sun nemi canji lokacin da abubuwa suka yi zafi. Ƙarfen sabis na wajensu ya daɗe ba ya aiki. Da can wani dutse suke hawa su yi waya, sai aka fara ganin mutanen daji a wurin, mai gari ya hana. Lokacin hutu ta shigo gari ta yi kwana biyu a gidan 'yar uwarta, ta kwafe tambayoyin darussan duka da hannu. Ta koma tana amsa su bayan an tashi yara, da niyyar in an sake hutu ta dawo ta shigar da su gaba ɗaya. Zancen kwana arba'in kuwa ba ta taɓa jin sa ba. Na buɗe littafin. Kowane darasi da kwanan watansa a sama, amsoshi a jere, rubutu ƙanana masu tsabta irin na ubanta sak. Mamanki ta ɗauki hoton shafi uku ta tura miki, ni ina riƙe mata da littafin.

Sauran kin sani, tunda ke kika turo saƙo da safen nan cewa shugabarku ta gani ta yarda, sunan Asabe ya koma baƙi. Na sa mamanki ta karanta mini sau biyu. Na riga na aika wa Tanimu ta hannun 'yan hatsi. Ga littafin nan direba zai kawo miki gobe, ki shigar mata da amsoshinta a duba su kamar na kowa, ba alfarma, in ta faɗi ta faɗi da guminta. Sauran goman kuma ki turo mini sunayen ƙauyukansu kawai, ban nemi makin kowa ba. Ba ƙauyen da ke yankin nan da ba ni da tsohon ɗalibi a ciki, kuma ba abin da nake yi sai sauraron rediyo a kashe.

Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya faru bayan mamanki ta shiga gida kawo masa fura. Muka rage mu biyu a zaure. Na ji ƙafata tana so ta tuna ana jirana a wani wuri, amma a gidana nake, ba inda za ni. Na ce, "Tanimu, akwai maganar da na gaya maka shekara talatin ke nan, ba gaskiya ba ce. Ba ofis ne suka cire sunanka ba. Ni ne. Kuma da na so, da na mayar."

Ya dubi tabarma. Sannan ya ce, "Malam, ai na sani. Rajistar tana buɗe a kan teburinka ranar. Duk makarantar nan wa ke jan layi da rula in ba kai ba?"

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa duk shekarun nan. Ya ce ya ga kunya ta kama ni, shi kuma bai saba ganin malaminsa a haka ba, sai ya ce to. Bai ɓoye mini ba, ya ce abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya yi shekaru yana zagaye makarantar don kada ya ji ƙarar ƙararrawa. Ya ce shi ya sa ya rantse ko zai sayar da rigarsa 'ya'yansa sai sun yi karatu. Ya ce ya daɗe da yafewa, tun ranar da Asabe ta fara shiga aji da alli a hannu. Sannan ya ce, "Amma na ji daɗi da ka faɗa, Malam. Na ɗauka za mu mutu a haka."

Sai ya turo mini littafin, ya ce bangon asali ya yage shi ya yi masa wannan da takardar siminti, ga shi ba suna a kai, kada ya ɓace a ofis. In rubuta mata, wai rubutuna ya fi nasa. Na sa hannu a aljihu na fito da biro, sai ga shi ja ne. Kin san ban taɓa rabuwa da shi ba, ko takardar gayyatar ɗaurin aure aka kawo sai na gyara. Na dube shi, Tanimu ma ya dube shi. Na mayar aljihu, na ɗaga murya na ce mamanki ta taho da shuɗin nan da kika manta a taga.

Na rubuta Asabe lafiya lau. Da na zo kan sunan ubanta hannuna ya ƙi tsayawa, za ki ga ya karkace ya hau sama. Shekara talatin da biyar ban bar karkataccen rubutu ya fita daga hannuna ba, na kan yage takarda a kan abin da bai kai wannan ba. Wannan ki bar shi yadda yake.

Allah ya tsare mini ke a garin mutane, ya tsare ki a hanya duk ranar da za ki zo, ya tsare masu bin ta safe da yamma. Allah ya zaunar mana da dajin nan lafiya, yara su koma ratsa shi su kaɗai. Allah ya sa albarka a aikinki, ya sa hannunki ya ci gaba da ƙi a inda ya kamata ya ƙi. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa karyawa kafin ki fita. Biron naki yana wurina, ba zan mayar ba.

Wassalam.

Babanki.